Dokta Labaran da Famfon Gidan Rabo

Shekara goma sha ɗaya Labaran ya yi yana buga wa ɗalibai furojet yana ɗinkewa a wani ɗan shago da ke bakin titi a Dutsin-Ma. A ganinsa, wanda littattafan digiri sama da dubu suka bi ta hannunsa, ai digirin ya riga ya kama shi, kamar yadda ƙanshi ke kama mai sayar da turare ko bai shafa ba. Aji uku na sakandare ya tsaya, amma da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Dokta. Ya sayi tabarau marar magani ya ɗora a karan hanci, ya jera biro huɗu a aljihun gaba, biyu daga ciki ma ba sa rubutu.

Abin da ya fi ji da shi shi ne Babi na Uku, wurin da ɗalibi ke bayyana hanyar da ya bi ya yi bincikensa. Kafin inji ya gama tofo takardu, Labaran ya karance babin tsaf. Ɗalibin da ya yi kuskuren tambayarsa ko ƙarfe nawa, sai ya sha lacca.

Wata Juma'a ya tafi ganin gida, wani ƙauye da ake kira Gidan Rabo a gundumar Rawayau. Abokinsa na ƙuruciya, Munzali ɗan acaɓa, shi ya ɗauko shi daga Kurfi. Suna dosar tsakiyar gari Munzali ya kashe mashin tun daga nesa, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Dattawa goma sha biyu ne zaune a gindin tsamiya, cikinsu har da Mai Unguwa Lado, wanda Munzali ke auren ɗiyarsa. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gaida kowa da gajiya da iyali da dabbobi. Labaran kuwa jinjina ɗaya ya yi musu a haɗe, ya nemi gefen tabarma ya zauna.

Dab da tabarmin ga famfon tuƙa-tuƙa, fentinsa ko ƙwarzane babu. Wata kaza ta share magudanarsa ta kwanta abinta.

Mai Unguwa ya nuna famfon da sandarsa ya ce, "Labaran, ka ga abin da ya hana mu barci. Bara wata ƙungiya ta haƙa mana shi. Watan farko har faɗa ake a kan layi. Da muka ga yara za su ɓalle mashi hannu, muka kafa kwamiti, mu goma sha biyun nan, muna tsaron shi tun hantsi har magariba. To, ga shi nan lafiya lau, amma mutane sun koma tsohuwar rijiyar fadama. Mun ɗanɗana ruwan, garai yake. Mun sa an yi sauka, ko don tsamiyar nan ce. Mun tambayi mutane, kowa ya ce ba komi."

Ya ciro wata wasiƙa daga aljihu. Ranar Alhamis ta sama ƙungiyar za ta turo jami'arta. In ta tarar ana amfani da famfon, za a mayar da shi na sola, da tanki da kawuna shida. In ta tarar da kaza, sola ta tafi ƙauyen Tamawa.

Labaran ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ranka shi daɗe, tambaya daban, bincike daban. Ku tambaya kuka yi. Shi bincike kala-kala ne. Akwai na takardar tambayoyi, shi kamar taru yake, ka watsa ka kamo mutum ɗari lokaci guda, sai dai ba ya nitso ƙasa. Akwai na hira, kamar haƙar rijiya, wuri ɗaya amma da zurfi. Akwai gwaji, wanda shi ne sarkinsu, don shi kaɗai ke iya rantsuwa cewa wannan ne ya jawo wancan. Akwai na sa ido, akwai na bin sawu shekara da shekaru…"

Wani dattijo da ake kira Malam Jibo ya katse shi. "To wane za ka yi mana a ciki?"

"Na farkon ma ya ishe ku. Ni da nake gyara wa farfesoshi kuskure, famfo ne zai gagare ni? Kwana uku. Ku dai sa a yi shela jibi kowa ya fito, zan tattara data."

Aka yi shela. Sai dai kafin maganar ta je ƙarshen gari ta zama Dokta zai raba data. Ranar Lahadi da safe samarin Gidan Rabo da na ƙauyuka biyu na maƙwabta suka yi dafifi a gindin tsamiya, kowa ya miƙo waya yana karanto lambarsa. Da ƙyar Labaran ya fahimtar da su cewa shi karɓa ya zo yi, ba bayarwa ba. Wani ya ce, "Au, tamu ma za ka kwashe?" Kafin ka ce kwabo rabinsu sun soke wayoyi a aljihu sun watse.

Waɗanda suka rage aka jera su. Da yake takardun da Turanci ya buga su, shi yake karantawa yana fassarawa, mutum na durƙushe a gaban dattawa yana amsawa.

"Tambaya ta ɗaya. Famfon nan da Mai Unguwa ya sha wahala ya kawo, alheri ne. Ka yarda ƙwarai, ka yarda, ba ka yarda ba, ko ba ka yarda ba sam?"

Mutumin ya saci kallon Mai Unguwa, Mai Unguwa ya gyara zama.

"Na yarda ƙwarai."

"Tambaya ta biyu. Kullum a nan gidanku ke ɗibar ruwa."

"Na yarda ƙwarai da gaske."

"Babu 'da gaske' a takarda."

"To a ƙara."

Mutum sittin da uku aka tambaya, sittin da uku suka yarda ƙwarai. Da yamma Labaran ya miƙe ya ba da sakamako: ɗari bisa ɗari na mutanen Gidan Rabo suna son famfo, kuma a nan suke ɗibar ruwa kullum, saboda haka babu wata matsala. Yana cikin magana wasu 'yan mata huɗu suka ɓullo daga hanyar fadama da bokitai a ka, suka ratse ta bayan masallaci.

Malam Jibo ya ce, "Waɗancan fa?"

"Ba sa cikin samfur, wato waɗanda aka tambaya."

"To kazar fa? Ita ma ta yarda ƙwarai?"

Labaran ya ce ai tun farko ya faɗa, taru ba ya nitso. Abin da ake buƙata yanzu shi ne hira mai zurfi.

Ranar Laraba ya zaɓo mutum takwas, maza da tsofaffin mata, ya zaunar da su, ba a ko'ina ba sai a gindin tsamiyar nan, dattawa na kewaye da su don su ga yadda ake aikin ilimi. Ya ajiye wayarsa a tsakiya tana naɗar murya. Ya ce kafin a fara zai ɗan yi gabatarwa. Gabatarwar ta taso daga tarihin ruwa a duniya, ta biyo ta ranar da ya nuna wa wani farfesa shafin da ya juye, ta ratsa ta dam ɗin Zobe. Mutum biyu suka yi gyangyaɗi. Ɗaya ya ce zai je ya kama ruwa, bai dawo ba.

Can sai ga Gwaggo Turai, yayar mahaifin Labaran, tsohuwa mai baki kamar reza, ta dawo daga kai niƙa. Ta tsaya ta saurara kaɗan, ta ce, "Kai Labaran, in dai famfon nan ne, ai ba sai an tara mutane ba. Abin da ya sa…"

"Gwaggo, dakata! Ba ki cikin waɗanda aka zaɓa. In kika yi magana kin gurɓata mani bincike."

"Ni ce gurɓata? Ni da na wanke maka kashi?"

"Wannan a gida ne. Nan fagen ilimi ne."

Ta ce, "Allah shi ba ilimi haƙuri," ta gyara ƙwaryarta ta wuce.

Da ya koma ɗaki ya kunna abin da aka naɗa, awa biyu da kwata, bai ji muryar kowa ba sai tasa, sai carar wani zakara, sai minsharin mutum ɗaya daga cikin samfur.

Gari na wayewa ya shaida wa dattawa cewa hira aikin masu lokaci ce, yanzu sarkin zai fito, wato gwaji. Ya aiki Munzali Kurfi ya sayo katan guda na magi. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya yayyanka takardu ja da fari ya zuba a hula, kowane gida aka zo aka zari ɗaya.

"Masu ja, duk jarkar da kuka ɗiba a famfo, magi biyu. Masu fari, ba ku da komi."

Wani ya ce, "Laifin mi muka yi?"

"Ba laifi ba ne, ku ne ma'auni. Da ku za a gane ko magin ya yi aiki."

"To a auna da masu ja mana, mu a ba mu magin!"

Nan fa wuri ya kaure. Wa da ƙane da ke katanga ɗaya, wannan ya zari ja, wancan fari, har aka tono rabon gonar da aka yi shekara tara da ta wuce. Gidan Liman ya faɗa a fari, aka ce wannan rashin ta-ido ne. Gwaggo Turai ma fari ta zara. Ta ɗaga takardar ta duba gaba da baya, ta ce ita dai tana da lalle a gida, kafin gobe za ta yi ja.

Asabar da sassafe dattawan duka goma sha biyu suka hau a-kori-kura suka tafi ɗaurin aure Tamawa, suka bar wa Labaran amanar famfo. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba sai ga wata yarinya da bokiti, ta leƙo, ta waiga, ta kori kazar. Kafin hantsi layi ya kai bakin masallaci. 'Yan mata, samari da jarkoki a kan mashin, matan Fulani daga ruga, tsofaffi, ana ta tuƙi ana shewa. Munzali shi kaɗai sawu biyar ya yi, ko takalmi bai cire ba.

Labaran na tsaye da littafi yana ja wa kowa layi, gumi har cikin tabarau. Da la'asar ya ƙirga: masu ja arba'in da ɗaya, masu fari arba'in da huɗu.

Munzali ya leƙa littafin ya ce, "Dokta, ai waɗanda ba a ba komi ba sun fi yawa."

"Nan ne ilimi ya fi ƙarfinka. Ƙarfin magin ne ya kai har ya ja waɗanda ba a ba su ba. Ƙanshi kaɗai!"

Da dattawa suka dawo ya tare su tun daga bakin gari da albishir. Ya ce gobe su zauna su ga abin al'ajabi da idonsu. Lahadi tun da wuri suka shimfiɗa tabarmi, suka jeru suna fuskantar famfo kamar masu jiran a fara dambe. Labaran ya ɗora katan a kan turmi ya buɗe.

Hantsi ya yi, ba kowa. Wata Bafulatana ta ɓullo da ƙwarya, ta hango taron, ta juya kamar ta yi mantuwa. Labaran ya sa aka yi shela an ƙara, magi huɗu. Shiru. Aka ce shida, kuma har da masu fari. Wajen azahar kazar ta dawo, ta zagaya katan ɗin sau ɗaya, ta koma magudana ta kwanta.

Mai Unguwa ya ce, "Sarkin naka dai ya yi murabus."

Malam Jibo ya ce, "Ni fa har yanzu tsamiyar nan nake zargi. Jiya mutanen cikinta sun bi mu biki, shi ya sa."

Saura kwana huɗu. Labaran ya ce matsalar ita ce mutane sun san ana kallonsu, kuma ɗan Adam in ya san ana kallonsa ba ya nuna halinsa. Maganin wannan shi ne binciken sa ido a ɓoye. Bai gaya wa kowa yadda zai yi ba. Talata ana sallame sallar asuba ya sulale, ya soke riga a wando, ya dare tsamiyar, ya sami wani reshe mai duhun ganye ya lafe da littafinsa.

Rana na fitowa dattawa suka iso suka shimfiɗa tabarmi daidai ƙarƙashinsa.

"Yau ina Doktan namu?"

"Halan ya gudu."

Malam Jibo ya ce, "Gado ne. Kakansa ba shi ne ya ce zai koya wa jaki iyo ba? Sai da aka fiddo su su biyu, kuma jakin ne ya jawo shi."

Aka bushe da dariya. Labaran ya ciji leɓe, ya rubuta: ƙarfe bakwai, ba wanda ya zo. Ƙarfe takwas, ba wanda ya zo. Ƙarfe tara cinnaku suka gano shi. Suka shiga ta ƙafar wando a layi, cikin tsari, ba mai tsallake wani. Ya so ya sauko, amma ta ina? Dattawan ko fitsari za su je ɗaya-ɗaya suke tashi, don kada a bar famfo ba mai tsaro. Ya rungume reshe yana mutsu-mutsu, hawaye na bin gefen tabarau.

Wajen sha ɗaya wani ɗalibi a Dutsin-Ma ya ga shago a rufe, ya kira shi. Ƙarar da Labaran ya sa wa wayarsa kuwa dariyar jariri ce.

Dariyar jariri ta ɓarke daga tsakiyar tsamiya, ƙyal-ƙyal-ƙyal, ta yi shiru, ta sake ɓarkewa.

Dattijon da aka sani da ciwon gwiwa shekara bakwai shi ya fara isa masallaci. Malam Jibo yana gudu yana cewa, "Na faɗa maku! Na faɗa maku!" Mai Unguwa ne kaɗai ya tsaya, don rawaninsa ya sarƙe da sanda, ya ja baya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. Gari ya fito kaf, aka yi zobe daga nesa. Sai ga Gwaggo Turai da kasko cike da garwashi. Ta ajiye a gindin bishiyar, ta watsa busasshen barkono cikin tafi biyu, ta ce, "Ko wane ne, in yana da hanci zai sauko."

Hayaƙi ya tashi. Aka ji atishawa ɗaya, aka ji ta biyu. Takalmi ya faɗo, biro huɗu suka biyo shi, sannan Dokta da kansa ya taho da reshe a hannu ya dira a magudana. Kazar ta tashi da kuka ta bi ta kansa.

Gwaggo Turai ta leƙa fuskarsa ta ce, "Wannan aljanin na san uwarsa."

Labaran ya miƙe yana ɗingishi yana susa, ya dubi taron, ya ce, "Ku shaida, ƙarfe sha ɗaya da minti goma, mutum sama da ɗari biyu a bakin famfo."

"Da bokiti nawa?" in ji Mai Unguwa.

Labaran ya ce gaskiya irin wannan matsala binciken bin sawu take so, a bi mutanen nan shekara goma ana lura da su. Mai Unguwa ya ce jibi ne Alhamis, kuma in sola ta tafi Tamawa, shi ma Labaran ya bi ta can ya zauna.

Laraba ya koma Dutsin-Ma ya buɗe kwamfuta. Rahoto ake so, shi kuwa abin da ke littafinsa bai cika shafi biyu ba. Sai ya tuna da wani tsohon furojet mai kauri da ya taɓa bugawa, a kan shaye-shaye tsakanin matasa 'yan acaɓa. Tebur-tebur, lissafi, shawarwari, komai ya ji. Ya umarci kwamfuta duk inda ta ga ƙwaya ta mayar da ita ruwa. Duk inda ta ga matasa 'yan acaɓa kuma ta sa dattawan Gidan Rabo, don a girmama waɗanda suka ba shi aikin. Minti biyu ta gama. Bai tsaya karantawa ba, don a ganinsa mai ilimi ba ya bin bayan kansa. Ya ɗinke da koren bango, ya buga sunansa da ruwan zinare.

Alhamis gari ya taru a gindin tsamiya. Jami'ar ƙungiyar, Malama Halimatu Sa'adiya, mace mai sanyin magana, ta sauko daga mota ta gaida dattawa, ta dubi famfo, ta dubi kazar. Labaran, cikin babbar riga, ya miƙa mata rahoton da hannu biyu.

Ta auna nauyinsa ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Amma tunda a kan mutanen nan aka yi shi, ya kamata su ji abin da aka rubuta a kansu. Akwai mai fassara mana?"

Aka turo Malam Ikrima, hedimastan firamare. Labaran ya ce, "Buɗe Babi na Huɗu, nan naman yake."

Malam Ikrima ya buɗe, ya karanta a zuci, ya ɗago ya dubi Labaran. "In karanta?"

"Da ƙarfi, na baya su ji."

"Bincike ya gano cewa kashi saba'in cikin ɗari na dattawan Gidan Rabo sun fara shan ruwa ne saboda miyagun abokai."

Malam Jibo ya dubi na kusa da shi, ya ɗan matsa.

"Kashi arba'in suna shan ruwan ne a ɓoye, a kangaye da bayan tasha, ba da sanin iyayensu ba."

Mai Unguwa, wanda ya ba saba'in baya, ya ce, "Iyayen wa?"

"Da yawansu sun ce in suka sha ruwa sai su ji ba sa tsoron kowa, kuma suna iya kwana suna gudu da fasinja. Shawarwari: hukuma ta kama dillalan ruwa. A buɗe gidan gyaran hali domin dattawan Gidan Rabo, a koya masu sana'a…"

Wata mata a baya ce ta fara dariya, ta toshe baki da mayafi abin ya ƙi toshuwa. Daga nan gari ya ɗauka. Munzali ya juya wa surukinsa baya ya kifa kai a kan mashin, kafaɗunsa na rawa. Mai Unguwa ya miƙe da sanda, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Labaran yana ta cewa kuskuren inji ne, kwamfutar ce ta kamu da cuta, amma ko shi ba ya jin muryar kansa.

Malama Halimatu ta share hawaye da gefen gyale, ta rufe rahoton ta ajiye. Ta ce, "Malam Labaran, wannan na wasu ne. Kai ba ka rubuta komai da hannunka ba?"

Ya miƙa mata ɗan littafinsa, duk ya yi taɓo. Ta bi shi shafi-shafi tana tambaya. Da ake cika takardun tambayoyi, wa ke zaune a wurin? Dattawa. Da aka yi hira fa? Dattawa. Ta ce takardar tambaya ba ta da laifi, hira ma haka, amma duk wanda aka tambaya a gaban wanda yake jin nauyi, to amsar mai kallo zai bayar, ba tasa ba. Ta iso shafin Asabar ta tsaya.

"Ja arba'in da ɗaya, fari arba'in da huɗu. Wannan ƙirgen gaskiya ne?"

"Wallahi da idona."

"To gwajinka ya yi magana, kai ne ba ka saurara ba. Ya ce magi bai ja kowa ba, tunda wanda aka ba da wanda aka hana duk sun zo. Lahadi kuma ga magi, ba mutane. Ke nan akwai abin da ya bambanta Asabar da Lahadi, kuma ba a cikin katan yake ba." Ta juya ga jama'a. "Me ya faru ranar Asabar?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Samari suka shiga duban farcen ƙafarsu.

Gwaggo Turai ta ce, "'Yar nan, ni ina cikin samfur ɗinki?"

"Kina ciki, Inna."

"Madalla. Asabar waɗannan ne ba su nan." Ta nuna dattawan da haɓa. Da yake ita da Mai Unguwa taubasai ne, ta matso har gabansa. "Lado, kun zo kun kafa fada a bakin famfo. Wace budurwa ce za ta tsaya tana sama tana ƙasa da hannun famfo gaban uban saurayinta? Wace Bafulatana ce za ta ratsa surukanta goma sha biyu da ƙwarya? Na taɓa faɗa maka, ka ce tsiyar taubasai ce. Tambayi surukinka, ga shi nan."

Mai Unguwa ya juya. "Munzali, haka ne?"

Munzali ya zube ƙasa, ya rasa inda zai sa idonsa. "Baba, ba wani abu ba ne… gaisuwar ce dai. In na zo da jarka, kafin in gama zagaye ku, wanda ya tahi fadama ya dawo har ya yi wanka. In na cika kuma sai na sake zagayowa na yi sallama."

Mai Unguwa ya waiwaya. Ya dubi famfon, ya dubi tabarmin da suka yi shekara guda a wurin har ƙasa ta yi musu shaida. Sannan ya ce, "Ashe mu ne aljanun. Jibo, naɗe tabarmarka."

Malama Halimatu ta ce ba za ta yanke hukunci ranar ba. Za ta riƙa zuwa ba sanarwa har wata guda, ta ga abin da idonta zai gani. Kwamiti ya koma rumfar masallaci, inda ba a hango famfo sai an leƙa. Zuwanta uku, duk ukun sai da direbanta ya yi hon kafin layin jarkoki ya ba mota hanya.

Bayan wata biyu aka kafa tanki, aka jera faifan sola, aka sa ranar buɗewa. Labaran ya zo tun da safe da sabon tabarau, yana bin baƙi ɗaya-ɗaya yana shaida musu cewa alƙaluman littafinsa ne suka kawo wannan alheri, kuma da gangan ya haɗa salo huɗu don a ga bambancinsu. Ba wanda ya musa masa, don kowa na cikin farin ciki.

Aka yi addu'a, Mai Unguwa ya murɗa kan famfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa. Ya tara moɗa ta cika. Maimakon ya kai bakinsa, sai ya waiga ya ce a kira masa Dokta. Labaran ya ratso taro yana gyara riga, ya durƙusa a karo na farko a tarihin Gidan Rabo, ya karɓi moɗar da hannu biyu. Ya kafa kai zai shanye, Mai Unguwa ya dafa masa hannu.

"Kurɓi kaɗan, Labaran," ya ce. "Mu ma da haka muka fara."